DARASIN JUMA'A: Ciwon da Kulle Ya Bari a Zukata

 Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzon Allah (SAW) da alayensa da sahabbansa.

'Yan'uwa maza da mata, an gabatar da wannan darasi ne a Juma'a ta uku bayan da gwamnatin jihar Legas ta ba da izinin buɗe masallatai ranar 7 ga Agusta, 2020. A lokacin, a bakin ƙofa ana wanke hannu, ana sa takunkumi, ana haska goshin kowa da na'ura don a ga ko akwai zazzaɓi. To amma akwai ciwon da wannan na'ura ba ta gani. Mutum zai wuce ta lafiya lau, ya shiga sahu, alhali ya yi wata biyu bai yi barcin kirki ba. A kan wannan ciwo darasinmu na yau zai tsaya: damuwa da fargaba da ƙuncin rai da zaman kulle ya bar wa mutane, yadda ake gane su, da abin da ya kamata a yi.

ABIN DA YA SAME MU

Bari mu fara jera abubuwan yadda suka zo, domin wanda bai san nauyin kayan da ya ɗauka ba zai riƙa zargin wuyansa.

Ranar 1 ga Fabrairu aka hana acaba da Keke a manyan sassan Legas, samarinmu da yawa suka rasa abin yi tun kafin a fara maganar annoba. Ranar 27 ga watan aka samu mutum na farko mai korona a Najeriya, a nan Legas. Cikin Maris aka rufe makarantu da wuraren ibada. Daga ƙarfe 11 na daren 30 ga Maris Shugaba Buhari ya sa dokar kulle a Legas da Abuja, Ogun ta biyo baya. Da farko an ce mako biyu ne, sai aka yi ta ƙarawa har zuwa 4 ga Mayu, mako biyar cur. Ko bayan an sassauta, an bar dokar hana fita daga ƙarfe 8 na dare zuwa 6 na safe, kuma ba a buɗe hanyar tafiya tsakanin jihohi ba sai 1 ga Yuli.

A cikin Afrilu ne maganar 'yan daba ta tashi a Agege da Alimosho da Sango da kewaye, aka kwana ana ƙona taya a bakin layi ana gadi. A watan ne kuma waya ta riƙa shigowa daga Kano: wane ya rasu, wane ma ya rasu. Daga baya Ministan Lafiya ya ce an ƙirga mutum 979 da suka rasu a ƙananan hukumomi takwas na Kano a wannan tsakanin. Wasunmu iyayensu ne, wasu malamansu, kuma babu halin zuwa jana'iza ko gaisuwa. Azumi ya kama ranar 24 ga Afrilu, babu tafsiri a masallaci, babu asham cikin jam'i, babu buɗa-baki tare. Salla biyu suka wuce ba mu je filin idi ba. Wanda ya biya kujerar Hajji a 2020 bai tafi ba.

Ku duba da kyau. Mutumin da ya bar garinsu ya zo Kurmi neman halali, abubuwa huɗu ne suke riƙe da shi bayan Allah: kasuwa, masallaci, majalisa, da hanyar gida. In kasuwa ta yi masa zafi, ya huce a majalisa. In an ɓata masa rai a majalisa, ya samu natsuwa a sahu. In duk abin ya ishe shi, ya hau mota ya je ya ga mahaifiyarsa ya dawo da sabon ƙarfi. Kulle ya tsinke huɗun nan a lokaci guda. Don haka in ka ga wani ya canza, ba abin mamaki ba ne.

WACE CE DAMUWAR YAU DA KULLUM, WACE CE CIWO?

Damuwa a kan kanta ba ciwo ba ce. Ɗan gwarin da tumatirinsa ya ruɓe a Mile 12 dole ransa ya ɓaci. Zai yi kwana biyu ko uku yana jin abin, amma yana cin abinci, yana wasa da 'ya'yansa, in an ba da labarin dariya zai dara. Wannan halin ɗan Adam ne.

Abin da likitoci suke kira ciwon damuwa daban ne. Babbar alamarsa ita ce baƙin ciki mai nauyi, ko kuma mutum ya daina jin daɗin duk abin da ya saba jin daɗinsa, kusan kullum, har tsawon mako biyu ko fiye. Sai waɗannan su biyo baya: rashin barci, musamman farkawa tsakar dare a kasa komawa, ko kuma barci ya yi yawa, rashin cin abinci da rama, kasala ko ba a yi aikin komai ba, mantuwa da rikicewar lissafi ga wanda a da ba ya buƙatar kalkuleta, ganin kai ba shi da amfani, zargin kai a kan abin da ba laifinsa ba, da tunanin gara mutuwa.

Ta biyu ita ce fargaba. Allah ya halicci jiki da shirin ko-ta-kwana: in ka hangi haɗari, jiki ya saki wasu sinadarai, zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya yi sauri, don ka gudu ko ka kare kanka. Wannan shiri na ɗan lokaci ne. To idan mutum ya kwashe makonni yana jiran 'yan daba da dare, yana jiran mummunan labari a waya da rana, sai jikin ya kasa sauka. Kamar janareto ne da aka bari a kunne ba hutu. Wani sai abin ya taso masa farat ɗaya: ƙirji ya ɗaure, gumi ya karyo, hannu na rawa, ya ji kamar yanzu zai mutu. Bayan 'yan mintuna ya lafa. Da yawa sun ɗauka korona ce ta kama su, tsoron ya ƙara rura abin. Wanda ya ji haka a karon farko ya je a duba shi, a auna jininsa da zuciyarsa, domin ba a yanke hukunci a gida.

Ta uku ita ce makokin da bai samu hanyar fita ba. Wankan gawa, salla, rakiya maƙabarta, zaman gaisuwa, duk suna taimaka wa zuciya ta yarda cewa an yi rashi. Wanda aka gaya wa rasuwar mahaifinsa a waya, bai ga kabari ba, ba wanda ya zo ya zauna da shi a tabarma, sau da yawa abin yakan tsaya masa a maƙogwaro.

Wani abin lura: mu Hausawa ba kasafai muke cewa "ina cikin damuwa" ba. Sai dai ka ji "kaina yana zafi", "wani abu yana yawo a jikina", "ƙirjina ya yi nauyi", "tunani ya yi min yawa". Sai a nufi kemis a sayi maganin maleriya, ba sauƙi, a ce taifot ce, a sake saye. In an yi gwaji sau biyu sau uku ba a ga komai ba, jiki kuma bai daina ciwo ba, to a tambayi zuciya.

BA RAUNIN IMANI BA NE

Nan ne muka fi cutar da junanmu. Mutum ya daure ya buɗe baki, sai a ce masa, "Haba, kamar ba Musulmi ba? Ina tawakkalinka?" Daga ranar ba zai sake faɗa wa kowa ba.

Mu koma ga abin da muka karanta. A Suratu Yusuf, Annabi Yaƙub (AS) ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, kuma babu mai cewa imaninsa ya yi rauni. Shekarar da Nana Khadija (RA) da Abu Ɗalib suka rasu, malaman tarihi Shekarar Baƙin Ciki suke kiranta. A Bukhari da Muslim an ruwaito cewa Nana A'isha (RA) takan sa a dama wa waɗanda aka yi wa rasuwa talbina, wato wani kunu na garin sha'ir, saboda ta ji daga Manzon Allah (SAW) cewa yana kwantar da zuciyar marar lafiya, yana rage baƙin ciki. Ka ga ke nan an haɗa addu'a da kula da jiki.

Ku tuna kuma da Ka'abu ɗan Malik (RA) da 'yan'uwansa biyu, da aka hana mutane yi musu magana kwana hamsin bayan yaƙin Tabuka. Suratut Tauba ta siffanta yadda ƙasa duk faɗinta ta yi musu ƙunci. Nasu horo ne, namu annoba ce, ba ɗaya ba ne. Amma darasin a fili yake: yankewa daga mutane abu ne mai nauyi ko ga Sahabi.

Sannan wannan ilimi ba baƙo ba ne a wurin Musulmi. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 miladiyya, ya rubuta littafi mai suna Masalihul Abdan wal Anfus. A ciki ya raba baƙin ciki gida biyu: wanda aka san dalilinsa, kamar rashin masoyi ko asarar dukiya, da wanda yake sauko wa mutum ba wani dalili a fili, wanda ya ce tushensa a jiki yake, kuma yana buƙatar magani. Fiye da shekara dubu ke nan.

Game da masu cewa aljanu ne ko sammu: ruƙiyya da ayoyin Allah alheri ce, ba mai hana ta. Amma ba kishiyar asibiti ba ce. Mai hawan jini yana addu'a yana shan ƙwayarsa, haka shi ma wannan. Abin da ba za mu yarda da shi ba shi ne duka, ko ɗaure mutum da mari, ko hana shi abinci da sunan magani. Wannan zalunci ne, kuma ƙara ciwon yake yi.

WAƊANDA ZA A FI SA WA IDO

Na farko, magidancin da ya cinye jari a kulle. Ga bashin kaya, ga kuɗin haya, ga adashi, ga mutanen gida a Arewa suna jiran aike, ba su san abin da ake ciki ba. Irin wannan ba ya kuka. Sai dai ka ga ya daina ɗaga waya, ya daina zama a majalisa, ko faɗa ya yi masa yawa a gida.

Na biyu, samari 'yan ci-rani: 'yan acaba, 'yan dako, 'yan ga-ruwa, masu shayi, masu gadi. Da yawa ba su da iyali a nan, wasu a rumfa suke kwana. Su ne suka fi faɗawa hannun Tramadol da kodin da wiwi da sunan rage tunani. Binciken da aka yi kan shaye-shaye a Najeriya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suke ta'ammali da ƙwayoyi, tun kafin kulle ke nan. Ƙwaya tana kwantar da tunani na awa biyu, ta dawo da shi ninki biyu.

Na uku, iyayenmu mata da matanmu. Ɗaki ɗaya, yara biyar ba makaranta, maigida yana zaune ba ciniki, ita kuma sana'ar da take yi ta tsaya. Ba biki, ba suna, ba Islamiyya, ba ziyara. A ƙara lura da mai jego, musamman wadda ta haihu a kulle ba uwa ba yaya kusa da ita. In ta wuce mako biyu tana kuka ba dalili, ko ta kasa kula da jaririn, ko ta fara maganganu marasa kan gado, ba shagwaɓa ba ce, a kai ta asibiti da wuri. Kai kuma maigida, talauci ba hujjar dukan mace ba ne.

Na huɗu, yara. Yaro ba ya cewa yana cikin damuwa. Sai dai ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, ko firgita cikin barci, ko ciwon ciki, ko rigima. In bam da 'yan ajin ƙarshe da suka koma don jarrabawar WAEC, sauran suna gida a Agustan 2020. Bulala ba ta maganin tsoro.

Na biyar, dattawa. A 2020 an shawarci masu shekara 65 zuwa sama su ci gaba da salla a gida. Mu an buɗe mana, su kuwa a lokacin suna kulle. Dattijon da ya yi shekara talatin a sahun farko, yau yana jin kiran salla daga ɗaki, ku auna yadda yake ji.

Na shida, wanda ya yi korona ya warke, ko aka killace shi. Wanda likita ya sallama ya warke. Gudunsa da nuna shi da baki wani sabon ciwo ne muke ɗora masa.

YADDA ZA KA YI MASA MAGANA

Labarin zuciya a tambayi fuska, amma kada a tsaya a fuskar. Ka same shi shi kaɗai, ba a tsakiyar majalisa ba. Ka fara da abin da ka gani: "Alhaji, kwana biyu ba na ganinka a wurin shayi, na ce bari in zo in gaishe ka. Yaya barci?" Tambayar barci tana buɗe ƙofar da "lafiya?" ba ta buɗewa, domin amsar "lafiya?" kullum "lafiya lau" ce. Ga dattijo: "Baba, mun yi kewarku a sahu. Me kuke buƙata?" Ke kuma 'yar'uwa, ga maƙwabciyarki: "Maman yara, kawo jaririn in riƙe miki, ki ɗan kwanta."

In ya fara magana, ka yi shiru ka saurara. Kada ka katse shi da wa'azi, kada ka ce "ai wane ya fi ka shiga matsala". Kuma abin da ya faɗa maka amana ce. In ka kai shi majalisa, ka rufe bakin mutum goma da suke shirin magana.

Akwai wuri ɗaya da ba a riƙe sirri: in rai yana cikin haɗari. In ka ji mutum yana cewa "na gaji da duniya", "gara ba ni", ko ya fara rabar da kayansa yana neman gafara ba tafiya zai yi ba, ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Masana sun tabbatar cewa tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. In ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, a sanar da wani babba nasa, a kai shi asibiti a ranar. Lambar gaggawa ta jihar Legas ita ce 767 ko 112. Haka nan wanda ya fara jin muryoyin da ba kowa, ko ya yi kwanaki ba barci yana surutai, ko ya daina ci da sha gaba ɗaya.

ASIBITI BA ABIN KUNYA BA NE

A garin nan an mayar da sunan Yaba abin zolaya. Amma Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Yaba asibiti ne kamar kowane, kuma yawancin masu zuwa ganin likita suke yi su koma gida a ranar. Akwai sashen wannan fanni a LUTH da ke Idi-Araba da LASUTH da ke Ikeja, ga kuma asibitin Aro a Abeokuta. Wanda ya koma gida, akwai irinsu a Kaduna da Kware ta jihar Sakkwato da Maiduguri da Dawanau a Kano. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan ba su kai 300 ba, don haka a yi haƙuri da layi, kuma ana iya farawa daga babban asibiti mafi kusa.

Ba kowa ake ba ƙwaya ba, wani zama da mai ba da shawara ya ishe shi. Wanda aka ba maganin ciwon damuwa ya sani cewa ba ya aiki rana ɗaya, yakan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ji canji. In an ji sauƙi ba a dainawa sai da izinin likita, yawanci akan ci gaba wata shida ko fiye. Kuma don Allah a daina sayen maganin barci irin su Valium a kemis ba takardar likita, domin jiki yana sabawa da shi, fita ta yi wuya.

ABIN DA KOWA ZAI IYA YI

Ka tsare lokacin kwanciya da na tashi, ko akwai kasuwa ko babu. Salloli biyar sun riga sun raba maka yini, ka jingina sauran al'amura a kansu. Ka fita ka taka ƙafa ko na rabin awa ne, rana ta taɓa ka. Ka rage goro da shayi mai kauri da lemon ƙara kuzari bayan La'asar. Ka ajiye waya awa ɗaya kafin barci, kuma ba kowane saƙon murya na WhatsApp ake saurara ba, balle a tura wa wasu. In ƙirji ya ɗaure, ka zauna, ka ja numfashi a hankali ta hanci, ka sake shi a hankali fiye da yadda ka ja, har ya lafa.

Maganar bashi kuma, ɓuya ba ta rage ko kwabo. Ka je ka samu mai kayan da mutum ɗaya da kuke girmamawa, a tsara biya kaɗan-kaɗan. Kai mai bin bashi, ka san falalar jinkirta wa wanda yake cikin ƙunci. Ka kuma gaya wa mutanen gida gaskiyar halin da ake ciki. Mahaifiyarka ta fi son lafiyarka a kan aikenka.

Wanda aka yi wa rasuwa a kulle, yanzu hanya ta buɗe. In da hali ya je ya ziyarci kabarin, ya ga 'yan'uwa. Mu kuma da muke nan, gaisuwar da ba mu yi ba a Afrilu ba ta ruɓe ba, a je a yi ta.

Aikin wannan mako guda ɗaya ne. Kowa ya duba sahun da ya saba tsayawa, ko layin da yake kasa kaya, ya tuna mutum ɗaya da bai gani ba tun da aka buɗe. Kafin Juma'a mai zuwa ka je inda yake, in ba hali ka kira shi. Zumunci a ƙafa yake. Wanda kuma yake son a raka shi asibiti, ko a yi masa tafinta a can, ya samu Malam Liman ko ni bayan salla. Mata su yi magana da malamar Islamiyya. Ba wanda zai ji.

Allah ya yaye mana wannan annoba, ya ba marasa lafiyarmu lafiya ta jiki da ta zuciya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya buɗa wa kowa kasuwarsa. Amin.

Wassalamu alaikum.
Sakataren Masallaci